Hannun Rigar Uwargida

Litinin, 6 ga Oktoba

Da sunan Allah nake buɗe wannan littafi, kuma da hannuna nake rubuta shi, ba da hannun aro ba. Malamar ajinmu na manya ta umarci kowa ya riƙa rubuta abin da ya same shi a yini, domin hannu ya saba da alƙalami. Na san sauran ɗalibai za su cika nasu da labarin ci da sha. Ni kuwa, kasancewata Shugaban ƙungiyar masu fentin gidaje, ya dace in rubuta abin da yake da nauyi.

Abu na farko mai nauyi shi ne Auta, ƙaramar 'yata, wadda ta yi karatun zane a ƙasar waje ta dawo bara. A farkon watan gobe za ta baje kolin zanenta karo na farko a wani babban zaure. Can inda ta yi karatu sun yi mata tayin aiki, ta ce musu su dakata, sai ta ga yadda mutanen gida za su karɓi aikinta. Idan abin ya yi kyau za ta zauna tare da mu. Idan bai yi ba, ban so in rubuta sauran.

Sana'ar dai ta gado ce, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni ina shafa wa bango, ita tana shafa wa ƙyalle. A taronmu na jiya na miƙe na gayyaci 'yan ƙungiya baki ɗaya, su da iyalansu. Sakatarenmu, wanda bakinsa ya fi buroshinsa aiki, ya ce, "Shugaba, ka dai ga zanen da idonka ko?" Na amsa masa cewa uba ba ya buƙatar ɗanɗana aikin 'yarsa kafin ya san da gishiri.

Laraba, 8 ga Oktoba

Yau na shiga ɗakin baya domin in duba aikin a matsayin masani. Ɗakin nan a da ma'ajiyata ce. Yanzu gwangwanayena suna kan kanta ɗaya a lungu, kamar baƙi a gidan ubansu.

Duk zanen na mata ne. Ga wata zaune a kan benci ta rungume akwati a cinya, kanta da ɗankwali irin na matanmu, ƙafarta da takalmin ƙasar sanyi. Ga wata tsaye gaban madubi, amma ta cikin madubin kayanta daban, kuma ba ta kallon mai ita. Ga wasu biyu, ɗaya tana yi wa ɗaya kitso, ko wacce ta juya fuska wata nahiya. Fuskokin suna da rai, wannan ban musa ba. Sai dai aikin bai kammala ba. Sawun buroshi ko'ina, wani wuri ma ƙyallen yana leƙowa fari fat. Da ma'aikacina ne ya bar bango haka, da ranar ya bar aikin.

Na sanar da ita ƙa'idar da na rayu a kai: shafe biyu, bakin fenti a miƙe, kada a ga abin da yake ƙasa. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai ba bango ba ne. Abin da ke ƙasan nake so a gani."

Na tambaye ta dalilin da ya sa duk matan rabinsu nan rabinsu can. Ta ce, "Can suna ce min 'yar nan, nan suna ce min 'yar can. Wa zan zana in ba ire-irena ba?"

Akwai wani babba da aka juya fuskarsa ga bango. Shi ne mahaifiyarta take zama dominsa kowace safiya. Auta ta ce ba zan gani ba sai ta gama shi tukuna.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na kai wa tela yadin da na saya wa Uwargida domin ranar baje koli. Ya ce, "Kamar kullum, Shugaba? Hannu har wuyan hannu?" Na ce har wuyan hannu, da ɗan ƙari.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na ga babban zanen. 

Dole in tsara maganar daga tushe. Uwargida ba 'yar ƙasar nan ba ce. Na haɗu da ita ne lokacin da kamfani ya kai mu aiki ƙasarsu ina saurayi, na auro ta na zo da ita. Matan danginsu suna da wani zane da ake tsaga musu a hannun dama da allura, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, layuka da ɗigo-ɗigo masu launin kore mai duhu, kuma ba ya fita har abada. Da muka iso, marigayiya mahaifiyata da yayyena mata suka sa mata ido. Abin da suka faɗa ba zan ɓata takarda da shi ba. Ni ne na kashe wutar da hikima, na tsara cewa duk rigar da za a ɗinka mata ta kasance mai dogon hannu. Ban taɓa tilasta mata ba. Na nuna mata abin da ya fi dacewa ne, ita kuma ta gane. A haka bakuna suka rufe, har maƙwabta da yawa ba su san da abin ba.

To yau ga shi a ƙyalle, tsayinsa ya kusa kai ƙofa. Tana zaune a kan gajeriyar kujerarta, da shuɗiyar riga da ɗankwali. A bayanta ta hagu tagar gidanmu ce, har da ƙarfen da ya lanƙwashe. Ta dama kuwa wani kogi ne da ban taɓa gani a garin nan ba. Hannun rigar na dama a naɗe yake har gwiwa, hannun yana kwance a cinyarta, kuma duk hasken zanen a kansa ya sauka. Mutum ba zai kalli fuskar ba sai ya fara kallon hannun.

Matar da take kula da zauren ta zo, wata mai tabarau da saurin magana. Ta daɗe tsaye a gabansa. Daga baya ta ce wannan shi ne zai fuskanci ƙofar shiga, kowa ya fara cin karo da shi.

Kowa. Har da Sakatare. Har da matarsa, wadda in ta ji magana da safe, kafin azahar ta kai ƙarshen gari.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ban iya karin kumallo ba. Na ce ciwon ciki ne.

Talata, 14 ga Oktoba

Na sami Uwargida tana shanya, na yi mata magana cikin natsuwa. Na ce shin da yardarta aka yi wannan abu. Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Hannuna ne, Malam. Ban aro ba." Har yau in ta yi magana akwai ɗan karin harshensu a ciki, kuma in ranta ya ɓaci ya fi fitowa. Yau ya fito.

Na ce mutane za su yi magana. Ta ce, "Waɗanda suka yi maganar ai sun kwanta dama. Saura kai."

Ban ga dacewar wannan amsa ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na kira Auta na zaunar da ita. Na fara da yabon aikinta, kamar yadda ake yi wa ma'aikaci kafin a nuna masa gyara. Sannan na ce abu kaɗan ya rage, ta saukar da hannun rigar zuwa inda ya saba tsayawa. Aikin da bai fi shan shayi ba.

Da farko ta ɗauka wasa nake yi. Da ta ga fuskata sai ta ce, "Baba, in na rufe hannun me ya rage? Wata mata ce kawai a kan kujera."

Na ce ba wata mata ba ce, matata ce, kuma mutuncinta a wuyana yake.

Ta ce, "Tun ina ƙarama nake ganin hannun nan a wurin wanki kawai. Na zaci ciwo ne ake ɓoyewa. Sai da na je can, aka riƙa tambayata ni 'yar ina ce, sannan na fara son in san ko mene ne."

Na ce karatu ya yi mata yawa. Ta tashi ta ce tana da aiki.

A aji yau malama ta ce in karanta jimla a allo, na kasa. Ni da nake karantawa kafin kowa.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Auta ta yi tafiya domin ta karɓo katakan da za a kewaye zanen da su, da wasu ayyukanta da suke ajiye a wurin ƙawarta. Sai tsakiyar mako mai zuwa. Da za ta fita ta ce, "Baba, don Allah kada a taɓa min komai a ɗakin." Na ce wa zai taɓa.

Na haɗu da Sakatare a shagon fenti. Ya ce matarsa har ta yi ɗinki saboda ranar. Ya ce, "Mu dai za mu zo mu ga abin da Shugaba ya haifa." Ya yi dariya. Ban san me ya sani ba. Wataƙila bai san komai ba. Amma me ya kawo dariyar?

Asabar, 18 ga Oktoba

Na yi abin da ya wajaba a kan maigida, kuma zan rubuta shi dalla-dalla domin ba abin kunya ba ne.

Bayan azahar Uwargida ta tafi asibiti duba maƙwabciya. Na shiga ɗakin baya na juyo da zanen. Na taɓa hannun da bayan yatsa, kamar yadda nake gwada kowane bango. A bushe yake ƙarau, bai kama yatsa ba. A kan kanta akwai ragowar shuɗin fentin mai da na yi wa ƙofar gidanmu, kuma da na kara shi da rigar zanen sai na ga kamar uwa ɗaya ta haife su. Na ɗauki siririn buroshin da nake bin bakin taga da shi.

Ban taɓa fuskar ba, ban taɓa kogin ba. Na saukar da hannun rigar ne kawai daga gwiwa zuwa wuyan hannu, na yanke bakin a miƙe ba tare da ko ɗigo ya zuba ba.  Da ya sha iska na ƙara shafe na biyu, domin koren yana ɗan leƙowa.

Da na ja baya na duba, sai na ga mace kamila, kamar yadda duniya ta san ta. In Auta ta dawo za ta ɗan yi fushi, daga baya ta gode. Yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Na juya shi ga bango, na buɗe taga saboda wari.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na leƙa. Yana nan lafiya, sai dai yana ƙyalli fiye da sauran zanen. Ban yi tunanin wannan ba. Zai dusashe, in Allah ya so.

Litinin, 20 ga Oktoba

Akwai wata 'yar tattara kusa da gwiwar hannun. Ƙarama ce.

Talata, 21 ga Oktoba

Ba ƙarama ba ce.

Shuɗin ya yamutse daga sama har ƙasa, ya tattare kamar fatar da ke kan madarar da aka dafa. Na san wannan cuta, ni nake yi wa masu koyo faɗa a kanta. Haka fenti yake yi idan aka shafa shi a kan wanda bai bushe ba. Amma na gwada da yatsa. Sai yanzu na tuna Auta ta taɓa cewa irin nata samansa kawai yake bushewa, cikinsa yakan yi watanni yana ɗanye. Lokacin da ta faɗa ban saurara ba, domin na ɗauka babu abin da za a gaya mini a kan fenti.

Na jiƙa tsumma da kananzir na goga a gefe kaɗan. Shuɗin ya taso, amma ya taso da launin fatar da ke ƙasa. Tsumman ya fito da ruwan ƙasa-ƙasa, kamar na goge naman jikinta ne. Na tsaya. Na zauna a kan kujerar da Uwargida take zama.

Gobe ko jibi Auta za ta dawo.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ashe Uwargida ta sani tun ranar Asabar. Ta ce wari ya gaya mata, sannan ta ga shuɗi a ƙarƙashin farcena lokacin da nake wanke hannu. Ta shiga ta gani, ta fito tana jira ta ga ko zan buɗe baki.

Yau da ta kawo mini shayi ta ajiye kofin ta tsaya. Ta ce, "Shekara da shekaru kana rufe shi da yadi. Yanzu ka koma fenti."

Na ce domin kare ta na yi.

Ta ce, "Na sani, Malam. Kullum domin kare ni ne." Ta ɗauki faranti ta fita.

Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Auta ta dawo da la'asar. Ina tsakar gida ina gyaran tsani wanda ba abin da ya same shi. Ta gaishe ni da fara'a, ta ba ni tsarabar hula, ta shige ɗakin baya.

Na ji ƙarar katako da ta juyo da shi. Daga nan ban ƙara jin komai ba. Na daɗe ina jira ta yi kuka ko ta kira sunan wani. Da ta fito, gwangwanin shuɗin yana hannunta. Ta ajiye shi a gabana a hankali, kamar mai ajiye ƙwai, ta wuce ɗakin mahaifiyarta.

Na shirya jawabi mai sassa uku. Ba a nemi ko ɗaya ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba

"Ina kwana," ta ce. Babu Baba a ciki.

Asabar, 25 ga Oktoba

Mai tabarau ta zo. Ta cire tabaraun ta duba, ta mayar ta sake dubawa. Ta tambaya ko za a iya ɗaga shuɗin. Auta ta ce duk abin da zai ɗaga shi zai tafi da na ƙasa, kuma babu lokacin da za a sake wani. Matar ta ce sauran zanen suna da kyau, amma wannan ne uwar ɗakin, in babu shi kamar an yi gini babu ginshiƙi. Ba ta tambayi wanda ya yi ba. Ta dai kalli ƙofar gidanmu da za ta fita.

Da yamma ina alwala kusa da taga na ji Auta tana gaya wa mahaifiyarta cewa za ta fasa baje kolin, ta amsa wa mutanen can. Ta ce, "Umma, a can in sun ƙi aikina sai su ƙi saya. Ba mai bin bayana da buroshi."

Ruwan butar ya ƙare a ƙasa ban sani ba.

Idan ta tafi wannan karon ba za ta dawo ba, na san halinta, halina ne. Yayyenta maza duk sun yi nisa. Gidan zai koma ni da Uwargida da shiru. Kuma me zan ce wa ƙungiya?

Na lura cewa ƙungiyar ce ta zo ƙarshe a wannan lissafi. Ban san lokacin da ta koma can ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Ban je taro ba. Na aika cewa jiki ne.

Litinin, 27 ga Oktoba

Abin da ya faru yau ina so in rubuta shi daidai, ko da zai ci mini shafi biyu.

Da hantsi Uwargida ta ce in ba ta ƙarfen da nake kankare tsohon fenti da shi, siririn. Na tambaye ta me za ta yi da shi. Ta ce, "Kawo dai, ka biyo ni." Tun da muke ba ta taɓa ce mini in biyo ta ba.

A ɗakin baya ta ce in kwantar da zanen a kan tebur in riƙe gefensa kada ya motsa. Na riƙe. Ta naɗe hannun rigarta har gwiwa, ta ɗora hannunta na gaske kusa da na ƙyallen. Sannan ta kama ƙarfen da hagu ta fara jan layi a cikin shuɗin da ya yamutse, tana kallon fatarta tana kwafa. Duk inda bakin ƙarfen ya bi, shuɗin yana naɗewa, koren ƙasa yana fitowa, wani wuri a dame, wani wuri sarai.

Auta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Umma, za ki huda shi."

Uwargida ta ce, "To zo ki riƙe min hannu, ai da hagu nake yi."

Ta zo. Ba ta kalle ni ba, amma kafaɗarta tana taɓa tawa, domin teburin ƙarami ne.

Uwargida tana ja tana faɗa, ba da ni take ba, ba kuma da Auta ba. Wannan mai lanƙwasa kogin garinsu ne. Wannan dogon layin mahaifiyarta ce, ita ce ta tsaga mata da kanta. Waɗannan ɗigo 'yan'uwanta mata ne, na ƙarshen wadda ta rasu tana goye. Wannan da ya ratsa su duka an ƙara shi ne daf da tahowarta, alamar 'yar da za ta yi nisa, domin duk inda ta mutu a san ta wani gida ce.

Ni da na yi ta alfahari da koyon karatu da furfura, ashe akwai rubutu a cikin ɗakina tun ina ango. Ban taɓa tambaya ba. Ba a kuma gaya mini ba, wannan ma a rubuta.

Auta ta ce bari ta gwada cire sauran shuɗin a hankali. Uwargida ta ce, "A'a, bar shi. Na sa shi tsawon rayuwata, shi ma gaskiya ne. Ki bar shi a sama, layukan su fito ta cikinsa."

Auta ta daɗe tana kallo. Daga nan ta karɓi ƙarfen, ta jawo kayan aikinta da ƙafa, ta ce a ba ta wuri. Na tambaya ko in ci gaba da riƙewa. Ta ce, "Riƙon da ka yi ya isa haka."

Laraba, 29 ga Oktoba

Ba a fasa ba. Maganar tafiya kuwa ba wanda ya tayar, ni ma ina tsoron tayarwa.

Yanzu wani tashin hankalin ne. Mafi munin aikin da na taɓa yi a rayuwata shi ne zai fuskanci ƙofar shiga, kuma waɗanda na gayyata su ne mutanen da suka fi kowa sanin abin da ake nufi da fenti ya yamutse. Ba a rubuta sunana a jiki ba. Zan iya yin shiru. Na karɓo ɗinkin Uwargida daga tela.

Asabar, 1 ga Nuwamba

An yi.

Zauren fari ne tas, shafe biyu, aikin wanda ya san hannunsa. Mutane sun cika. Uwargida ta sa sabuwar rigar, na ji sanyi a raina. Muna isa bakin ƙofa ta tsaya, ta naɗe hannun dama sau uku, ta shiga gabana. Gumi ya jiƙa mini hula.

Zanen yana can yana kallon kowa. Gaskiya ban san yadda zan kwatanta shi ba. Shuɗin yana nan da ƙyallinsa da tattararsa, layukan suna fasowa ta ciki kamar tsiro a tsagar siminti. Mata suka taru a gabansa. Wata tsohuwa da ban sani ba ta kama hannun Uwargida tana shafawa, ta ce kakarta ma tana da irin nasu a haɓa, har ta rasu tana rufewa da mayafi. Matar Sakatare ta ce, "Maƙwabciya, duk zaman nan kina da wannan kika hana mu gani?" Ban ji abin da aka amsa mata ba.

Sai ga Sakatare da mutanenmu, sun sa hanci kusa da ƙyallen kamar masu duba aikin kwangila. Ya ce, "Yarinyar ta iya, amma wane ɗan koyo ne ya taya ta nan? An shafa mai a kan ɗanye." Suka yi dariya. Ya ƙara matsawa. Ya ce, "Kai, shuɗin nan kamar na san shi a wata ƙofa."

Auta tana bayansu tana magana da mai tabarau. Na ga ta daina maganar.

Na gyara tsayuwa na ce, "Aikina ne."

Sakatare ya sosa ƙeya ya ce, "To Shugaba, bakin dai ya miƙe, wannan ba a ƙwace maka ba." Aka sake dariya, ni ban yi ba. Na san zancen zai bi ni har kabari.

Da za a ɗauki hoto Auta ta ce, "Baba, matso nan, kana tare haske." Ta ce Baba. Na duba, ba na tare wani haske.

Talata, 4 ga Nuwamba

A shagon fenti wani ya tambaye ni ko akwai ragowar shuɗi. Na yi kamar ban ji ba.

Auta ta ce bangon ɗakin baya ya yi duhu, yana cinye mata haske, ko zan sami lokaci in mayar mata da shi fari. Ta ce, "Bangon kawai, Baba." Na ce zan duba ayyukana in gani. Wanda zai yi tafiya ba ya neman a yi masa fentin ɗaki, amma ban faɗa ba, kada in yi baki. Na riga na sayo fentin.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Malama ta ce rubutuna ya inganta, sai dai ina danna alƙalami da yawa. Sakatare ya gaishe ni da "mai zane". Har yanzu ina ganin da an bi shawarata tun farko da ba a sha wannan wahala ba.

Akwai ragowar yadi, na biya na kai wa tela. Ya ɗauki awo ya ce, "Kamar kullum, Shugaba? Har wuyan hannu?"

Na ce ya aika a tambayi mai rigar.

Sauri nake yi ne, shi ya sa.